Na Ƙarshe a Jarrabawar Lissafi

Alhaji Barau mai goro ya buɗe makarantar sakandare. Da iyaye suka ishe shi da ƙorafin 'ya'yansu na zuwa na ƙarshe, sai ya kira Malama Ladidi mai koyar da lissafi.

"Daga yau kada yaro ya sake zuwa na ƙarshe a ajinki. In ba haka ba, ki nemi wani aikin."

Ta yi murmushi.

"Abu mai sauƙi, Alhaji. Gobe ka zo ka rubuta jarrabawar tare da su."

"Me za a tambaya?"

"Awon kusurwa da faɗin da'ira."

"Ke! Ni ina na san wannan shirgin?"

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ka ga mun samu na ƙarshe, yara sun huta."