Yashin Gonar Iya Kande

A garin Tsamiya Biyu, Dagaci ya ba masu tifa izinin haƙar yashi da tsakuwa a gonar Iya Kande, dattijuwa mai noman albasa. Suka bar mata wawakeken rami, shi kuwa ya buga bulo da yashin, ya gina sabon soro. Da ta kai kuka, sai ya hango hanyar ƙwace filin.

Ya ce, "Ramin nan haɗari ne ga jama'a. Ki cike shi kafin damina, in ba haka ba gona ta zama ta fada. Kuma da ainihin yashin da aka ɗiba!"

"Ranka ya daɗe, ainihinsa?"

"Ko ƙwaya ɗaya kada ta zama baƙuwa."

Ta juya ga dattawan fada ta ce, "Dattawa, kun shaida?"

"Mun shaida!"

Washegari da hantsi ta iso da ƙartin ƙauye da jakuna, aka kafa wa soron diga, tana rangaɗa guɗa. Dagaci ya fito a guje, ko rawani babu.

"Ke Kande! Hauka kike yi?"

"Biyayya nake yi, ranka ya daɗe. Yashin gonata yana cikin bangon nan. Ɗan matsa kaɗan, dakalin da ka taka ma nawa ne."

"Ku tsaya! Na janye, kowace ƙasa ma ta yi!"

"Ai ni tawa kaɗai na sani. Mai kowace ƙasa shi zai kawo."

Kafin la'asar tifofin da Dagaci ya ɗauko haya suna ta juye ƙasa a ramin, Iya Kande na zaune a kan dakalin tana cewa, "A ɗora taki a sama, albasa ba ta son rowa."