Ruwan Zartsi da Furannin Amarya

Akwai wani maigida da ya dasa furannin wardi a bayan ɗakinsa. Ya yi wa 'yarsa alkawari cewa furannin da za ta riƙe a coci ranar aurenta daga lambunsa za su fito. Mutum ne mai himma, amma irin waɗanda ba a gaya musu. Safe da yamma yana shayar da su daga rijiyar burtsatsen da ya haƙa, ruwa garau kamar idon zakara.

Ana nan sai ganyen ya soma yin rawaya, huda tana kaɗewa tun ba ta buɗe ba, wani farin ɓawo ya rufe ƙasar gindinsu. Maigida ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Da abin ya ƙi, ya ce yunwa ce, ya kwaso tokar murhu ya barbaɗa kamar yadda yake yi wa gonar kuɓewa. Sai lalacewar ta daɗu. Biki yana matsowa, ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ɗauko fartanya zai tumɓuke su, yana cewa irin ne ba shi da kirki.

A ranar nan sai yayarsa ta zo duba shirin biki. Ta ɗebi ruwan za ta wanke hannu, ta cuɗa sabulu, kumfa ta ƙi tashi. Ta kurɓi kaɗan, ta yamutsa fuska.

Ta ce, “Ajiye fartanyar nan, ƙanena. Ruwanka zartsi ne, akwai kanwa a ciki.”

Ya ce, “Haba Yaya, ruwan da muke sha kullum?”

“Kai ka saba. Taki yana nan a ƙasar, kanwa ce ta hana saiwar ci. Ga shi ka ƙara toka, ita ma ɗanyar kanwa ce. Me ke kashe kaifin kanwa a tukunya?”

Ya ce, “Tsamiya.”

“To, jiƙa 'yar kaɗan a babbar randa. Kaɗan fa, kada garin gyaran gira ka rasa ido. Tsami in ya yi yawa shi ma ƙona saiwa yake yi.”

Da ƙyar ya yarda, gama girman kai ba ya sauka da sauri. Ya kankare farin ɓawon da tokar, ya zuba ruɓaɓɓen ganye, ya riƙa gauraya ruwan rafi da na tsamiyar. Sannu a hankali sabon toho ya fito kore shar. Amma waɗansu sun riga sun mutu. Ranar aure amarya ta shiga coci da ɗan ƙaramin dami, tana murna, uban kuwa yana tuna waɗanda ya kashe da hannunsa alhali yana ƙaunarsu.

Ma'anar wannan misali ita ce: furannin su ne waɗanda Ubangiji ya danƙa a hannunmu, 'ya'yanmu, matanmu da mazanmu, da sababbin masu bi. Ruwan kuwa maganar bakinmu ce. Da yawa a cikinmu muna faɗin gaskiya safe da yamma, amma da zartsi: gori, tsawa, “ai na gaya maka”. Mu ba ma jin ɗacin, domin mun saba. Mai sauraro ne zuciyarsa take yin ɓawo, har Maganar Allah da ke cikinsa ta kasa ciyar da shi. Sa'an nan mu ƙara faɗa a kan faɗa, wato toka ke nan. Tsamiyar ita ce tawali'u da taushin harshe, ita ma da awo, gama shagwaɓa tana kashewa kamar yadda tsawa take yi.

'Yan'uwa, ba kowane fure ne yake jira har mu gane ba. Kafin ka ce yaron nan ba ya ji, ɗanɗana ruwan da kake ba shi.