Kura da Jakinta Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu saurara!

Kura ce ta sami waya, ta kamu da wasan yaƙi, ta tara dakaru jingim. Ran nan ta hango wani gari a wasan, ƙofa a buɗe, garke cike da tumaki. Yawu ya tsinke mata.

Maƙwabciyarta Bushiya ta ce, "Yaya Kura, tura ɗan leƙen asiri tukuna. Ki bar rabin dakarun a gida."

"Ke, tafi can, matsoraciya!"

Ta tura su kaf. Ashe tarko ne Dila ya ɗana. Ya karkashe su, ya biyo sawu ya wawushe garinta. Kura ta yi ta birgima tana kururuwa.

Bushiya ta ce, "Me ya rage?"

"Jaki ɗaya."

"To, ɓoye shi. Da shi za ki farfaɗo, kada Dila ya cinye."

Kura ta zaro ido. "Jakina? Dila? Gara ni in ci!"

Ta haɗiye wayar gaba ɗaya. Har yau in kun ji Kura tana ƙyaƙyata dariya, kira ne ya shigo, wayar ke mata cakulkuli a ciki.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu!