Gudumar Kofur Ishiyaku

A garin Tarai ta ƙasar Kibiya an yi wani mutum mai suna Ishiyaku, mabugin tufafi ne tun kakanni. Yana da gaskiya, yana da zuciya, amma Allah ya ɗora masa girman kai irin wanda ko ƙaya ya taka ba zai bari a ga ya ɗingisa ba. Ya je yaƙin Bama har ya kai kofur. A can ne akwatin harsasai ya danne masa wuyan hannun dama, aka ɗaure a gurguje cikin daji, ƙashin ya haɗe a karkace.

Da aka zo sallamar sojoji a shekarar 1946, aka jera su gaban likita domin a san waɗanda za a riƙa ba kuɗin nakasa. To, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Amma Ishiyaku ya waiga ya ga yaran da ya jagoranta suna kallonsa. Likita ya nuna masa bokitin yashi ya ce ya ɗaga da hannun da ya ji ciwo. Gogan naka ya cije haƙori ya ɗaga, hannu na masa zugi kamar an zuba garwashi, har ya ce wa tafinta a ƙaro yashi. Likita ya rubuta cewa hannu lafiya lau. Wani abokinsa Shitu, mutumin Durba, ya nuna yatsunsa biyu da suka gutsure aka rubuta shi, Ishiyaku ya bi shi da gori, wai ya mai da kaki kayan bara.

Ya dawo Tarai ya koma rumfar bugu ta Malam Alu. Aikin bugu kuwa wuyan hannu yake ci. Mutane su zauna a jere gaban gungumen itace, kowa da gudumarsa, su yi ta dukan rawani mai shuni bi da bi har ya yi ƙyalli, ana jin amon har bayan gari. Ishiyaku ya samo tsirkiyar fata ya ɗaure wuyan hannun tamau, ya saki hannun riga ya rufe. Duk wanda ya tambaye shi jiki, sai ya ce me ya samu jikin.

Mutum ɗaya ce bai iya ɓoye wa ba, yayarsa Tani, wadda gidanta ke bayan rumfar. Ba ta taɓa ganin tsirkiyar ba, kunnenta ne ya gaya mata. Tana zaune tana kaɗi sai ta ji bugun yana ɗingishi, guduma ɗaya na makara. Ta kira shi ta yi masa magana ya fi sau a ƙirga, ta ce ya nemi haƙƙinsa ya huta wa hannun. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya, wai soja ba ya cewa wayyo. Haka aka kwashe shekara uku, yatsunsa na ƙara ƙandarewa, tuwo ma sai ya faki ido yake kai loma.

Ran nan ana tsakar aiki guduma ta kuɓuce masa ta yaga rawanin wani fatake. Malam Alu, cikin kunya da tausayi, ya ce ya ɗan zauna a gida tukuna. Labari ya riga shi isa wurin Tani. Tana ganinsa ta kama hannun rigar ta yaye.

Ta ce, "Kai Ishiyaku, wa kake yi wa wannan jarumtar? Yaran da ka ɗaga wa bokiti suna garuruwansu suna cin tuwo da hannu biyu. Da aka kai ka Bama ba bara ka je ba. Ka ba Turawa hannu, su ba ka abin da ya hau kansu. In kuma kunya kake ji, ba ni hular sojan in tafi Kano da kaina."

Maganar ta soke shi ƙwarai. Kashegari ya taka har Rano, ya sa wani malamin rubuta takardu ya rubuta masa ɗaukaka ƙara. Bayan wata biyu amsa ta zo, wai takardarsa ta nuna ya ɗaga bokiti, saboda haka babu abin dubawa. Nan fa taurin kan nan nasa ya sami inda zai yi amfani. Ya sake aikawa, aka yi shiru, ya kuma aikawa. A ta huɗu, ganin ba zai gaji ba, aka ce ya zo ofishin sojoji da ke Kano.

Ya shiga motar kasuwa da gudumarsa a kafaɗa da guntun gungume a buhu. Mai gadin ofishin ya ce ya ajiye sandan nan a waje. Ishiyaku ya ce wannan shaidarsa ce, inda ya shiga nan za ta shiga. A ciki ya tarar da Turawa biyu da likita da tafinta, ga kuma bokitin yashi an ajiye masa.

Ya ce wa tafinta, "Gaya musu ni ba ɗaukar bokiti ce sana'ata ba. Wancan karon ƙarya na yi da hannuna, don kada a raina ni. Yau ga abin da nake ci da iyali da shi, su duba da idonsu."

Ya zauna a ƙasa, ya shimfiɗa ƙyalle kan gungume, ya kwance tsirkiyar ya jefar, ya fara bugu. Bai kai goma ba guduma ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. A ta uku yatsun suka ƙi kamawa sam, ya ɗaga hannun sama kowa ya gani, bai sunkuyar da kai ba. Likita ya durƙusa ya daɗe yana lallatsawa. Sa'an nan ya ce ta bakin tafinta, da tun farko aka ga hannun nan aka hutar da shi, da yatsun sun tsira, amma bugun shekara uku ya gama da jijiyoyin.

Aka amince da ƙararsa a ranar. Akawu ya kawo takarda da tawada ya ce ya dangwala babban yatsan dama. Aka yi, aka yi, yatsan ya ƙi miƙewa. Ishiyaku, wanda tun da aka haife shi bai taɓa miƙa wa babba hagu ba, ya miƙa hagun.

Ya ce, "Karɓi wannan. Na daman, Bama ta ci rabi, ni na cinye sauran."

Ya koma Tarai da haƙƙinsa, iyalinsa ba su kwana da yunwa ba. Amma bai sake zama a rumfar Malam Alu ba, gudumar kuwa Tani ce ta karɓa take danne ƙofar kaji da ita.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma neman haƙƙi ba roƙo ba ne. In ciwo ya same ka a bakin aiki, ka faɗe shi yadda yake a ranar da aka tambaye ka, kada ka rage, kada ka ƙara. In an hana ka, ka tsaya da ƙafarka ka yi ta komawa har a saurare ka. Ishiyaku ya ƙwato kuɗinsa da naci, amma babu ofishin da ake ɗaukaka ƙara a dawo wa mutum da yatsunsa.