Ƙahon Uban Ɓauna

Cindo, Barmani, ku bar wannan hira ku matso. Kai ma Ɗanjuma, gemu bai toshe maka kunne ba. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo, Inna, muna ji."

An yi wani gari na namun daji, Zaki ne sarkinsa. Ƙofar garin ɗaya ce tal, ga ta ƙuntatacciya. Al'adarsu kuwa, in an dawo yaƙi, duk abin da ka shigo da shi ta ƙofar nan a kanka, naka ne, ko ba kai ka ɗebo ba. Hankaka ke zama bisa ƙofar yana shela.

A garin akwai Dila. Bai taɓa zuwa yaƙi ba, da an buga gangar yaƙi sai ya ɓuya. Amma abu ɗaya ke ci masa rai: kowane jarumi yana da abin da ya rataya a bakin zaurensa, shi nasa wayam.

Wata shekara aka kai hari garin Ɓauna, mazan duk sun tafi kiwo nesa. Aka wawashe shi tas. Dila ya je bakin ƙofa ta waje ya zauna a inuwa. Can sai ga Kura niƙi-niƙi da kaya: taikin dawa, tulun zuma, da wani ƙaton ƙaho. Ta kutsa, kaya suka tokare. Ta ja baya ta sake kutsawa, suka tokare.

Dila ya ce, "Sannu Yaya Kura. Sauke in miƙa miki ciki ɗaya-ɗaya."

Ya ɗauki dawa ya shige. Hankaka ya ce, "Dawa ta Dila ce!"

Kura ta ce, "Me wancan yake faɗi?"

"Surutunsa ne kawai, Yaya. Kawo tulun."

Ya ɗauki zuma ya shige. Hankaka ya ce, "Zuma ta Dila ce!"

"Kai Dila, na ji sunanka fa."

"Gaishe ni yake yi, Yaya. Kawo ƙahon."

Ya ɗauki ƙaho ya shige. Hankaka ya ce, "Ƙaho na Dila ne!"

Kura ta shigo hannu biyu, ta kai ƙara fada. Zaki ya ce, "Wa ya shigo da su?" Aka ce Dila ne. Magana ta mutu.

Dila ya ci dawa, ya lashe zuma. Ƙahon kuwa ya huda tsininsa, ya zura igiya, ya rataye a bakin zaure. Duk mai wucewa sai ya kira shi: "Zo ka ga abin da na ƙwato. Mu bakwai muka yi kokawa a kansa!"

Damina ta sauka. Wata safiya aka tashi, Ɓaunaye sun kewaye gari, suna tona ƙasa da kofato. Tsohuwarsu ta matso bakin ƙofa ta ce, "Dawa kun ci, ku sha ruwa. Zuma ma mun bar muku. Ƙahon nan na ubanmu ne na fari. Duk maraƙin da aka haifa, a cikinsa yake shan ruwan farko. Bana 'ya'yanmu ba su sha ba. Wa ke riƙe da shi?"

Hankaka ya ce, "Ƙaho na Dila ne!"

Dila ya faɗi gaban Zaki. "Ranka ya daɗe, ni ko hanyar garinsu ban sani ba. Kura ce ta ɗauko!"

Kura ta ce, "Ni? Ai hannu biyu na shigo, kowa ya gani. Jarumi, fita ana kira."

Dila ya fita da ƙaho a ka. Tsohuwar ta karɓa, ta zuba ruwa a ciki. Ruwan ya tsiyaye ta hudar, ya jiƙa ƙasa. Ta daɗe tana kallon wurin.

Ta ce, "Ka ɓata na jikin ubanmu. Sai mu tafi da na jikinka."

Ta taka wutsiyarsa da kofato, ya zabura, wutsiya ta tsinke. Suka tafi da ita, suka rataye a ƙofar garinsu. Dila ya koma gida dungu, zaure wayam. 'Ya'yansa kuwa suka tashi suna nuna hanyar garin Ɓauna suna cewa, "Ta babanmu tana can. Wata rana sai mun ɗauko."

Kun ji. Abin da aka ƙwato a yaƙi da mai shi yake tafe, ko ya makara zai iso. Ƙurunƙus, nan ta tsaya.

Amma ni abin da ke damuna daban ne. Kura ce ta shiga gidan mutane ta ɗebo, ga ta nan da wutsiyarta tana dariya. Dila ko jifa bai yi ba, amma shi ya rataya, shi ya yi taƙama, shi ya huda. Kai Ɗanjuma, kada ka ce mini duka biyun, wannan amsar rago ce. Ku raba mini: wa ya kamata ya biya?