Jirin Kofur Nomau

Manjo Ɗantsoho, shugaban kwamitin koken tsofaffin sojoji, ya cika baki cewa daga tafiyar mutum yake gane maƙaryaci.

Sai ga Kofur Nomau, tsohon direban soja da aka hana kuɗin nakasa.

"Jiri ne, yallaɓai. Ƙasa juyawa take da ni."

"Nuna mini jirin in gani da idona. In ba haka ba, lafiyarka ƙalau."

"Ka tabbata, yallaɓai?"

"Na tabbata."

"Alhamdulillahi, ashe na warke. To miƙo makullin sabuwar motar nan taka in kai ka gida."

Manjo ya dafe aljihu. "Da jirin naka? So kake ka jefa ni rami?"

Nomau ya dubi 'yan kwamiti. "Kun dai ji. Yallaɓai ya gani."