Dutsen da Kunkuru Ya Ba Ƙadangare Ajiya

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kunkuru ne zai je gaida surukai, sai ya ba Ƙadangare ajiyar farin dutsen da yake shan hantsi a kai. Ya ce, "Yanzun nan zan dawo." Kun dai san tafiyar Kunkuru, sai da ya shekara dubu dubu.

Da ya dawo ya tarar da baƙin dutse, ya ce, "Kai, ina farin dutsena?"

Ƙadangare ya ce, "Ai shi ne wannan, Baba. Ruwa da iska suka ci shi ya zama yashi. Kogi ya kwashe yashin, ya danne har ya sake zama dutse. Ƙasa ta haɗiye shi, zafi ya gasa shi ya sauya kama. Can ya narke kamar man shanu, tsauni ya amayo shi, ya huce. Duk ina biye da shi, har wutsiyata ta ƙone!"

Kunkuru ya ce, "Ɓarawo!" Ya ja shi gaban alƙali Dila.

Dila ya shinshina dutsen ya ce, "Naka ne, Kunkuru. In farin kake so, zauna ka jira, zai zagayo."

Kunkuru ya dubi Ƙadangare ya ce, "To riƙe min. Na manta hulata a gidan surukai, yanzun nan zan dawo."

Har yau Ƙadangare na kan dutse yana gyaɗa kai yana cewa, "Shi ne, wallahi shi ne!"

Ƙurunƙus kan ƙadangare mai ƙonanniyar wutsiya.